Amsa ga 'yar'uwa mai shirya sansanin 'yammata

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Kin ce ikilisiya ta ɗora miki shirya sansanin 'yammata 'yan shekara 13 zuwa 18 a dogon hutun nan, kina neman shawara kan jigo da wanda za ki gayyato ya yi wa'azi. Na daɗe a wannan hidima, kuma a ganina waɗannan biyun su ne masu sauƙi. Ki fara da neman matan da za su kwana ɗaki ɗaya da yaran, domin a hannunsu sansanin yake.

Ki lissafa aƙalla babba ɗaya ga yara goma, kuma kowane ɗaki mata biyu, kada a bar mace ɗaya ita kaɗai. Namiji kuwa, ko fasto ne, iyakarsa zauren taro. Wajen zaɓe kada ki duba wadda ta fi iya jan addu'a da ƙarfi. Ki nemi mai haƙuri wadda bakinta ba ya yawo. Dalili shi ne, bayan an kashe fitila, yarinyar da ta yini ba ta ce uffan ba za ta lallaɓo ta zauna a gefen katifa ta ce, "Anti, zan gaya miki wani abu, amma ki yi alkawari ba za ki faɗa wa kowa ba." Dole antin ta san amsa tun kafin ranar. Ba a yin wannan alkawari. Sai ta ce, "Ina jin ki, ba kuwa zan yayata ba, amma in wani yana cutar da ke, zan nemo wanda zai taimake mu." Ku zauna ku tsayar da wanda za a kai wa irin wannan magana, ku kuma san hukumar kare yara ta yankinku, don akwai abin da ya wuce a binne shi a kwamitin dattawa.

Takardar izinin iyaye ta ƙunshi lambar waya biyu da duk wata lalura: sikila, asma, farfaɗiya, da maganin da yarinya take sha. Mai sikila tana bukatar ruwa sosai, a kuma kiyaye ta daga sanyi da gajiya. Mai asma, abin shaƙarta ya zauna a jikinta, kada a kulle shi a akwatin magani. Ki samo nas, ki san asibiti mafi kusa, mota kuma ta kwana da mai a ciki. Audugar mata ki ajiye a kwali kusa da banɗaki inda kowa za ta ɗauka ba sai ta roƙa ba, domin akwai wadda a can za ta fara ganin al'adarta.

Jadawali kada ya cika maƙil. 'Yan wannan shekaru suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10, saboda haka ni ba na goyon bayan kwanan addu'a a sansani, ko da iyayen zumunta za su ce mun yi sanyi. Washegari gyangyaɗi kawai za ki gani. Jigo kuwa, ki ɗauki Littafin Rut, sura 4 ne, sura ɗaya kowace safiya ta isa, a tattauna a ƙananan ƙungiyoyi. Ki aje akwatin tambaya wanda ba a sa suna, za ki sha mamakin abin da zai fito game da samari da jarrabawa da rikicin gida.

Waya kuma, ki sanar tun a takardar izini cewa za a karɓa a ba su awa ɗaya da yamma. Hoton yarinya kada ya hau Facebook sai iyayenta sun yarda a rubuce.