Amsa ga Yaya kan wasannin Indiya na zaman gida

Assalamu alaikum, barkanmu da yamma. Yaya, na ji muryarki kina tambaya ko akwai wani wasa da za ku riƙa yi da yara in an ci tuwon dare, banda ludo da suka gaji da shi. To akwai, kuma Indiya ce matattararsu. Shi kansa ludon ai daga can ya fito. Asalinsa Pachisi ne, ana jefa wuri, irin kuɗin da ɗin nan, a kan kyalle. Sarkin Mughal Akbar ma har fili ya sa aka shata masa na wasan a fadarsa ta Fatehpur Sikri kusa da Agra. Turawan Ingila ne suka sauƙaƙe shi a 1896 suka sa masa suna Ludo.

Amma ni wanda nake so ki fara da shi shi ne Chowka Bara na jihar Karnataka, a Andhra kuma ana ce masa Ashta Chamma. Ba sai kin sayi komai ba wallahi. Ki zana gida biyar-biyar a kan kwali, gida 25 ke nan. Mutum huɗu, kowa da 'ya'ya huɗu, sai wuri guda huɗu. In an watsa wurin, a ƙirga nawa ne suka buɗe baki sama, shi ne taku nawa za a yi. In duka huɗun suka buɗe, taku huɗu ne kuma a sake jefawa. In duk suka kife, takwas ne, nan ma a sake. To ga inda daɗin yake, kin ji: ba ka da ikon shiga zagayen ciki, wanda zai kai ka gidan tsakiya, sai ka ci ɗan wani tukuna. Saboda haka yaron nan mai gudun rigima, mai son ya lallaɓa ya kai gida shiru, dole ya fito ya yi farauta. Akwai gidajen da ake yi wa alamar gicciye, in ɗanka na kai ba mai taɓa shi. Kakarsu ma za ta iya zama a yi da ita, don babu karatu a ciki.

Na biyu Pallanguzhi, na mutanen Tamil Nadu, mata ne suka fi yinsa. Katako ne mai rami 14, bakwai naki bakwai nawa, ana zuba 'ya'yan tsamiya. Eh, tsamiyar nan tamu da ake zubar da ƙwallonta bayan an dama kunu. Za ki kwashi na rami ɗaya ki bi kina zuba ɗai-ɗai. Inda suka ƙare, ki kwashi na ramin gaba ki ci gaba. In na gaban ya zama fanko, to na bayansa duk naki ne. Yaro ɗan shekara shida zai koyi lissafi a nan bai ma san yana koyo ba. In babu katako, kwalin ƙwai ma ya isa, a yanke a haɗa.

Sai Aadu Puli Aattam, damisa uku da awaki 15, mutum biyu ke yi. Damisa na tsallake akuya ta cinye ta, awaki kuma su taru su toshe wa damisoshin hanya har su kasa motsi. Wannan ya fi dacewa da manyan yaran, irin masu son dara. A wasu tsofaffin wuraren bautar Indiyawa, kamar na Hampi, har yau ana ganin zanen irin waɗannan wasanni a sassaƙe a kan dutse.

Wuri kuwa ki duba wajen masu kayan koli a kasuwa. Ki gwada Chowka Bara ɗin da daren Juma'a, in wata ƙa'ida ta rikice miki ki turo min hoton kwalin, sai in nuna miki. A gaida maigida da yara.