Ƙwallon mutum biyu-biyu a cikin keji: futsal ne ko wani wasa daban?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ga wani bidiyo a waya, mutum huɗu suna buga ƙwallo a cikin wani ɗan ɗaki mai bango kamar gilashi, suna ɗirka ta a bango tana dawo musu. Abokina ya dage cewa futsal ne, ni kuwa na ce ba shi ba ne. Don Allah a raba mana gardama. Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ne da gaskiya. Wasan da ka kwatanta sunansa Jorkyball. Wani Bafaranshe, Gilles Paniez, ya ƙirƙiro shi a 1987, aka kuma baje shi a gaban jama'a lokacin gasar cin kofin duniya ta 1990 a Italiya. Futsal kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba: a Montebidiyo ta ƙasar Urugwai ya samo asali a 1930, mutum biyar-biyar ake yi har da mai tsaron gida, kuma ƙwallo na fita idan ta tsallake layi.

A Jorkyball babu fita. Kejin bai wuce mita 10 a tsawo da mita 5 a faɗi ba, ƙasansa ciyawar roba, samansa an rufe da raga. Don haka ba jifa, ba bugun kwana, ba wanda zai tsaya ya yi numfashi ana neman ƙwallo a bayan fili. Ragar cin ƴar ƙarama ce, mita ɗaya da ɗan ɗoriya kowane gefe, kusan irin wadda yara ke yi da duwatsu biyu a lungu. Ƙwallon ma ba ta fata ba ce, ta wani ƙyalle mai kauri ce, nauyinta kamar giram 200.

Inda wasan ya fi burge ni shi ne rabon aiki. Kowane ɓangare yana da ɗan gaba ɗaya da ɗan baya ɗaya, kuma ɗan baya ba ya shiga rabin filin abokan karawa. Babu mai taɓa ƙwallo da hannu, ko da shi ne a bakin raga. To ka ga ɗan gaba shi kaɗai yake a can, ba wanda zai miƙa wa a kusa sai bango. Sai ya buga ta a gefe da cikin ƙafa, ya zagaye mai tare shi, ya same ta a ɗaya ɓangaren. Shi ma ɗan baya yakan harba ta a karkace daga inda yake, ta daki bango ta faɗa raga, mai tsaro yana kallon wani wajen. Wanda ya iya lissafin inda za ta dawo ya fi mai ƙarfin shot amfani a nan.

Ba da agogo ake tashi ba. Zagaye-zagaye ake yi: wanda ya riga zura ƙwallo 7 ya ci zagayen, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya ci wasan. Idan zagaye ya ƙare, ɗan gaba ya koma baya, ɗan baya ya zo gaba. Wannan dokar ce ke tona asirin masu jiran a kawo musu su ci kawai.

A ganina abin da ya hana shi yaɗuwa kamar futsal shi ne kejin kansa. Futsal ko a filin kwando na makaranta a buga shi, wannan kuwa sai an kashe kuɗi an kafa ɗaki na musamman, wanda mutum huɗu kacal zai ɗauka a lokaci guda.