Suna cika kwando su tafi ba su biya ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shago a intanet, kuma masu leƙowa suna da yawa, sai dai mutum zai zaɓi kaya ya zuba a kwandon sayayya, da zarar ya iso shafin biyan kuɗi sai ya fice. An ba ni shawarar in riƙa bin su da saƙon rangwame domin su dawo. Shin wannan ce mafita?
Daga wata mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, domin matsalar ba a shagonki kaɗai take ba. Cibiyar Baymard da ke ƙasar Denmak, wadda ta daɗe tana nazarin shagunan intanet, ta haɗa sakamakon bincike masu yawa, ta tarar kusan kashi 70 cikin 100 na kwandunan da ake cikawa ba a kaiwa ga biyan kuɗinsu. Da yawa daga cikin masu ficewar ba su zo da niyyar saye ba tun farko, kallo suke yi ko kwatanta farashi, kuma waɗannan babu yadda za ki yi da su. Wanda ya kamata ya dame ki shi ne wanda ya riga ya ciro katin banki, sannan wani abu a shafinki ya sa ya mayar da shi aljihu.

Babban abin da ke korar irin wannan mai saye, kamar yadda binciken cibiyar ya sha nunawa, shi ne ƙarin kuɗin da bai yi tsammani ba. Ya ga farashi ya gamsu, ya ɓata lokaci ya rubuta suna da adireshi, sai a matakin ƙarshe kuɗin kai kaya da haraji suka bayyana, jimillar ta tashi. Ko da ƙarin bai taka kara ya karya ba, zai ji kamar an yi masa rufa-rufa, kuma wanda ya fara zarginki ba zai miƙa miki lambar katinsa ba. Saboda haka ki nuna kuɗin kai kaya tun a shafin kayan ko a cikin kwandon, tare da ranar da ake sa ran kayan za su iso da kuma sharaɗin mayar da su idan ba su yi ba.

Sai batun tilasta rajista. Wanda ya zo sayen abu ɗaya ba ya son a tsare shi da ƙirƙirar kalmar sirri da tabbatar da imel, don haka ki bar shi ya saya a matsayin baƙo, ki yi masa tayin buɗe asusu bayan ya biya. Ki kuma ɗauki wayarki ki gwada saye daga shagon naki, ki ƙirga guraben da ake cikewa. Duk wanda ba a buƙatarsa wajen kai kaya ko karɓar kuɗi, kamar ranar haihuwa, ki cire shi. Ba a banza kamfanin Amazon ya mallaki haƙƙin fasahar saye da latsawa ɗaya a 1999 ya riƙe shi har 2017 ba. Haka nan ki tanadi hanyar biya fiye da ɗaya, kuma idan kati ya ƙi shiga, kada shafin ya goge abin da mutum ya rubuta.

Game da rangwamen da aka ba ki shawara, ni ban goyi bayan ki fara da shi ba. Masu saye suna da wayo, idan suka lura cewa duk wanda ya bar kwando ana biyo shi da ragi, za su riƙa barinsa da gangan, ribarki ce kuma za ta zube. Ki fara duba alƙaluman shagonki, ta Google Analytics ko makamancinsa, ki ga a wane mataki aka fi ficewa, ki gyara shi. Bayan haka saƙon tunatarwa yana da amfani ga wanda ya amince a tuntuɓe shi: guda ɗaya cikin 'yan sa'o'i, ɗauke da hoton kayan da mahaɗin da zai mayar da shi kan kwandonsa kai tsaye, ba tare da ragin ko sisi ba.