Wuce babbar mota a hanyar Tasawa

Ka ce in gaya maka yaushe ake wuce babbar mota a hanyar daji, kuma in direban kamiyo ya kunna maka sigina ta dama ko ka iya fita kai tsaye. Har ka ƙara da cewa abokanka na tasha suna yi maka dariya don ka fi su daɗewa tsakanin Maraɗi da Tasawa. To zauna, ka ajiye wayar nan tukuna, ba zan yi magana da tsakiyar kanka ba.

Duba madubi, kunna sigina, danna ham, layin da ba a takawa, waɗannan ba ni zan faɗa maka su ba. Wanda ya riƙe permi bai san su ba ya koma gona, damina na nemansa. Abin da ba ku iya ba shi ne lissafi. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowane sakan. Kamiyo yana 70 kai kana 90, abin da ka fi shi da shi 20 ne kacal, wato mita 5 da rabi a sakan. Tirela daga kai zuwa jela ta kai mita 17. Haɗa da tazarar da ka bari a bayanta, da tsawon taka motar, da filin da za ka ba ta kafin ka koma hannunka, za ka tashi da wajen mita 60. Sakan 11 kenan kana kan hannun da ba naka ba, kuma a cikinsu ka ci kusan mita 280. Mai tahowa daga Damagaram ba tsaye yake yana jiranka ba, shi ma zai ci nasa 280 ko fiye. In idonka bai ga hanya wayam sama da rabin kilomita ba, ka zauna inda kake. Kuma wannan lissafin na motar da ba a danne ta da kaya ba ne.

Ina da wata Fijo 504 akori-kura da na saya da gumina kafin a karya darajar sefa a Janairun 1994. Ba gado na ci ba, ba wanda ya ara mini ko dala. Na yi yaron mota, na yi direban wasu, na ci gari da ƙuli-ƙuli a tashoshi har kuɗinta ya haɗu. Fara ce, injinta ba ya hayaƙi, ba ya shan mai. Akwai yaro a hannuna lokacin, ya fi ka nutsuwa nesa ba kusa ba, ni na ɗauko shi tun daga wankin taya har ya ci permi. Bayan girbin wake na shekarar da aka karya kuɗin, wani Alhaji ya zo ya yi shatar motar, a ɗauko masa wake daga Gazawa zuwa Maraɗi, a juye a babbar mota mai fita ta Ɗan Isa zuwa Jibiya. Muka yi ciniki a kan buhu 10, a gaban mutane, na kuma faɗa masa iyakar abin da motar ke ɗauka kenan. Ranar ana suna a gidana, sai na miƙa wa yaron makulli.

A Gazawa Alhaji ya ce wa yaron ya je ya yi La'asar ya ci abinci, har da ba shi kuɗin tuwo, wai shi mai kirki. Kafin ya dawo an loda buhu 16, an ja tamfol an ɗaure tam. Yaron ya ga gindin motar ya zauna, ya yi magana. Alhaji ya ce ai ya gama da maigidansa, an ƙara kuɗin shata. Yaro zai ƙaryata mai furfura a tsakiyar kasuwa? Suka kama hanya. Tun fitarsu gari Alhaji ke duba agogo, wai babbar motar za ta tashi ta bar masa kaya, in suka riske ta akwai jika 2 na yaron.

Sun wuce Agye rana ta yi ƙasa tana dukan gilashi, don duk mai dawowa Maraɗi daga gabas da marece rana yake fuskanta. Suka cim ma wani kamiyo mai jan jiki, yaron ya bi shi a baya yadda na koya masa. Alhaji ya fara: kai wane irin direba ne, da maigidanka ne da tuni ya wuce, ko tsoro kake ji? Can direban kamiyon ya kunna sigina ta dama. Yaron ya fita, ya taka totur har ƙasa, mota ta ƙi tashi, jaki ne aka ɗora wa kayan raƙumi. Ya kai tsakiyar kamiyon ya maƙale, ba gaba ba baya. Shi direban da ya ba shi hanya ba mugunta ya yi ba, lissafin 504 ɗin da ya sani ya yi, bai san abin da ke ƙarƙashin tamfol ba. Sai ga motar fasinja ta ɓullo daga bayan wani ɗan tudu. Yaron ya taka birki, nauyi ya ci gaba da tura shi, ya kauce hagu ya sauka inda bakin kwalta ya cinye, tayar baya ta fashe, mota ta yi adungure cikin yashi.

Allah ya tsare rai. Yaron ya karye a cinya, har yau yana ɗingishi, daga ranar bai sake riƙe sitiyari ba. Alhaji ƙujewa ce kawai a goshi. Ga inda abin ke ci mini rai: yaro na kwance yana salati, Alhaji bai tare masa mota ba, amalanke ya je nema. Kafin jandarma su iso an kwashe buhu 6 an shige da su ƙauyen da ke kusa. Suka zo suka ƙirga 10, suka rubuta 10. Ya ce musu tun daga Gazawa yake roƙon yaron ya rage gudu ya ƙi ji.

Inshorar da ke kan motar ta wanda ka buge ce, ba ta biyan taka. Kuɗin asibiti ni, jawo mota ni. Ina cikin wannan sai ga Alhaji da ƙara wajen manyan tasha, wai in biya shi waken da ya zube, kuma kuɗin shata babu tunda kaya bai iso ba. Na ce a je ƙauyen a tambayi masu amalanke. Aka je, kowa ya ce bai ga komai ba, an riga an shafa musu abin goro. Na ce to ya dafa Alƙur'ani. Manya suka ce haba, ba a sa mutum irin wannan rantsuwa, a yi haƙuri, ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma buhu 6 ɗin nan da hannu aka loda su. Aka raba asarar waken biyu na biya rabi. Motar kuwa shasi ya murɗe, kayan gyara sun ninka kuɗi saboda karyewar sefa, ƙarshe ƴan gwangwan na sayar wa. Na koma tuƙa motar wani bayan na ɗanɗani tawa. Mutumin yana nan da ransa, a sahun gaba yake sallah, in mun haɗu wajen jana'iza har hannu yake miƙo mini.

Ka ji amsar siginarka. Wanda ya kunna ta bai san nauyinka ba, bai san lafiyar injinka ba, wani lokaci ma ba da kai yake ba, tsayawa zai yi ya sauke yaronsa. In ta hagu ya kunna ka gaskata shi ka zauna. Ta dama izinin leƙawa kawai ta ba ka. Kuma ba a leƙawa daga ƙarƙashin jelar tirela yadda nake ganin kuna yi, kuna shaƙar hayaƙi ba ku ganin komai sai ƙofar bodi. Ja baya sosai, har ka iya hango hanya ta gefensa ba tare da ka fitar da rabin motarka ba. Tazarar nan kuma ita ce filin da za ka tara gudu tun kana kan hannunka. Rage giya kafin ka fita, ba sai kana gefen tirela za ka tuna da ita ba. In ka fita ka ji mota ba ta amsa ba, saki totur tun ba ka wuce tayoyinsa na baya ba, ka koma mazauninka. Manyan direbobi suna yin haka kullum, ƴan koyo ne ke jin kunyarsa.

Kada kuma a taɓa loda maka mota ba ka tsaye a wurin. Sallah ce, a jira ka. Ka dawo ka tarar an ja tamfol, kwance shi ka ƙirga, ko ubana ne ya ɗaure. Duba sifirin, duba yadda tayar baya ta kwanta, su ba sa ƙarya.

Hanyar nan ba taka kai kaɗai ba ce. Daga La'asar sakaliya zuwa Isha'i amalanken shanu da na jakai ke dawowa daga gona da kasuwa, ba fitila ba komai, kuma kamiyon da kake gefensa yana iya karkatowa kanka don ya kauce wa amalanken da kai ba ka gani. Bakin ƙauye ranar kasuwa ba a wucewa, ko hanya ta yi maka kyau, don mai babur zai karya kwana ya shiga gida bai waiwayo ba. Ka ga saniya guda ta tsallaka, garken na biye. Da hunturu in hazo ya sauko, rabin kilomitan da na ce maka ba ya samuwa, saboda haka ranar ka haƙura da wucewa sai abin da ke tafiyar ƙafa. Da dare ka hango fitila ɗaya kada ka ce babur ne ka fita, sau da yawa mota ce mai ido ɗaya, kuma wanda ya mutu ɗin shi ne na wajenka.

Su abokan naka masu dariya, ka tambaye su abin da gudun ke saya musu. A tafiyar kilomita 100, mai gudun 90 zai yi minti 67, mai 110 ya yi minti 55. Minti 12 ne, kuma shingen jandarma da wajen biyan kuɗin hanya da sauke fasinja a Gazawa sun cinye su tas. Birki kuwa ba haka yake lissafi ba. Ka ninka gudu, nisan tsayawa ya ninka sau 4, daga 90 zuwa 110 kaɗai ya ƙaru da kusan rabi. Kafin ma ƙafarka ta bar totur ta sami birki sakan guda ya tafi, a 110 mita 30 kenan ba ka yi komai ba. Sa'an nan da wace taya? Gwanjon da aka gama cinyewa a Turai, a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, kwalta na tafasa. Ni ban san me ke damun yaran yanzu ba. Hannu ɗaya a sitiyari ɗaya a waya, ana ɗaukar hoton allurar gudu a sa a TikTok, an jefa tramol a shayi ido ya ƙeƙashe, mutum yana ganin shi da hanya duk nasa ne. Mu sai ka yi shekaru kana sa waji a ƙarƙashin taya kafin maigida ya bar ka ka juya mota a cikin tasha, shi ya sa muke jin nauyinta a jikinmu tun kafin ta motsa.

Fasinja ko mai kaya da ya fara ce maka yi sauri, komai girman rawaninsa, ka ba shi haƙuri sau ɗaya. Ya sake, tsaya a gari na gaba, ka mayar masa da ragowar kuɗinsa, ka sauke masa kayansa a inuwa. In ya kawo ƙara ni zai tarar, kuma yanzu na san yadda ake amsa irinsu. Motar da abokanka ke tsere da ita ba tasu ba ce, ba su san nawa aka saye ta ba. Wadda ke hannunka tawa ce, kuma direbobin kamiyon hanyar nan duk sun san lambarta, sun kuma san inda nake shan shayi. Ranar da ɗayansu ya ce mini ka fito masa a kan tudu, ka ajiye makulli a hannun mai gadi, kada ma ka shigo gaishe ni.