Shin akwai giwar da ta saba da mutane har a kai yara wurinta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ina zaune a Jidda da iyalina, muna son zuwa yawon ganin namun daji a Afirka idan an yi hutun makaranta. Yarana sun ga bidiyo a Facebook, mutane na shafa giwa, suna ba ta abinci da hannu, wasu har sun hau bayanta. Sun dame ni sai na kai su. Wannan abu ba shi da hatsari? Kuma ina ya kamata mu je?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya zuri'a.

Giwar Afirka ba dabbar gida ba ce kamar raƙumi ko saniya, waɗanda aka yi dubban shekaru ana kiwonsu har halinsu ya sauya. Wadda yara suka gani naman daji ce da aka saba mata da mutane, ko kuma aka hore ta. Toron giwa kan kai kilo 6,000, kuma ko da wasa ya kai maka hanci, sai an kwashe ka. Akwai ma lokacin da namiji ke shiga wani yanayi na sha'awa, ruwa na tsiyaya daga gefen kansa tsakanin ido da kunne. A wannan lokaci ko mai kula da shi na shekara da shekaru ja da baya yake yi. Sabo turken wawa ne, in ji Bahaushe.

Hawan giwa kam ban ba ka shawara ba. Giwa ba ta yarda a hau ta sai an raba ta da uwa tun tana ƙarama, an ɗaure ta, an koya mata tsoron sanda mai ƙugiya. Da yawa daga cikin na farkon da aka hora a kudancin Afirka marayu ne da suka rage bayan an harbe garkensu don rage yawa, irin yadda aka riƙa yi a gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu har zuwa 1994. Botswana ma ta hana hawan giwa. Duk inda ka ga an ɗora sirdi ko an sa sarƙa a ƙafa, ka riƙe kuɗinka.

Ga mai yara, ni Kenya zan zaɓa. Daga Jidda zuwa Nairobi kimanin awa huɗu ne a jirgi, kuma a gefen birnin akwai gidan marayun giwaye na Sheldrick Wildlife Trust, ƙungiyar da Daphne Sheldrick ta kafa a 1977. Ana kawo 'ya'yan giwa da mafarautan haure suka kashe wa uwa, ko suka faɗa rijiya, ko fari ya raba su da garke. Ɗan giwa wata 22 yake yi a ciki, kuma ba ya rayuwa ba nono a shekarunsa biyu na farko, don haka masu kula da su ke ba su madara duk bayan awa uku, har kwana suke yi da su. Awa ɗaya ake buɗe wa baƙi, daga ƙarfe 11 zuwa 12 na rana, kuma sai ka yi rajista tun kafin ranar. Za ku tsaya a bayan igiya, su fito da gudu su karɓi manyan kwalaben madara, su yi birgima a taɓo. Wani lokaci ɗaya kan matso har a shafa shi (ku sa tufafin da ba ku jin asararsu, jar ƙasar nan ba ta fita da sauƙi). Idan sun girma ana mayar da su dajin Tsavo su koma cikin 'yan uwansu.

Daga nan ku wuce gandun dajin Amboseli ku ga manyan garke daga cikin mota. Ku zauna a ciki, ku rage murya, kada direba ya shiga tsakanin uwa da ɗanta. In giwa ta baza kunnuwa, ta ɗaga kai tana girgiza shi, gargaɗi take yi, a ba ta hanya.

Kafin ka sayi tikiti, duba iƙamar kowa (takardar izinin zama a Saudiyya), ka cire bizar fita da dawowa. Ka bincika ko masu irin fasfo ɗinku na buƙatar izinin shiga Kenya da ake nema ta intanet. Ku yi allurar rigakafin cutar shawara aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin Saudiyya na neman katinta daga masu shigowa daga ƙasashen da cutar take, Kenya kuwa na cikinsu. Ka kuma sa likitan yaran ya rubuta musu maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro.