Amsa: Katin bashi ko rancen banki wajen sayen sabuwar mota?

Malam, ka ce kana zaune a Amurka, kana son sabuwar mota ta kusan dala 30,000, kana tunanin ka goga katin bashi ko ka ci rance. In ba kana da kuɗin a ajiye za ka biya katin kafin wata ya ƙare ba, ka rabu da katin.

Ruwan katin bashi a can yakan haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Rancen mota ga mai tarihin biyan bashi mai kyau ba ya kaiwa rabin haka, don motar ce jingina, in ka kasa biya su zo su ɗauke abarsu. Yi lissafi: dala 30,000 a kashi 7 na shekara 5, ruwan kusan dala 5,600 ne. A kashi 22 kuwa ya doshi 19,700, kuɗin wata tsohuwar mota sukutum.

Dillalai da yawa ma ba sa yarda a biya duka da kati, saboda kamfanin katin yana yankar musu wajen kashi 2 zuwa 3. Sai su ƙayyade maka adadi ko su ɗora maka cajin. Cika kati maƙil kuma yana zubar da makinka na bashi, wato makin da masu ba da rance ke dubawa su san ko kana biyan bashi yadda ya kamata.

Kafin ka je wurin dillali, fara karɓo tayin rance daga bankinka, ka ga ko dillalin zai iya yi maka ƙasa da haka. In riba kake gudu, duka biyun akwai ta, sai ka nemi masu sayarwa ta hanyar murabaha, wato su sayi motar su sayar maka a farashin da kuka amince, ka riƙa biya a hankali ba ruwa.