Amsar Goggo a kan korin kwakwa da ya tsinke

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya. Kin ce kin gwada korin kwakwa marar nama irin na Indiyawa, wato miyar kayan lambu da kayan yaji da madarar kwakwa, miyar ta tsinke miki, mai a sama, gudaji a ƙasa. Kina tambaya ko zuba madarar kwakwa sau biyu da watsa soyayyen mai a ƙarshe wata al'adar addininsu ce da za ki iya tsallakewa, sannan me ya hana su sa nama.

Bari in fara da naman. Ni a hannun wata abokiyar aikina 'yar Kerala na koya, jihar da ke bakin teku a kudu maso yammacin Indiya, inda kwakwa take da yawa. Yawancin mutanen can suna cin kifi da nama. Amma a bikinsu na Onam, wanda ke faɗowa tsakanin Agusta da Satumba, ana walima da suke kira sadya: a shimfiɗa ganyen ayaba, shinkafa a tsakiya, miya iri-iri kewaye da ita, kuma akasari babu nama babu kifi. Wasu mabiya addinin Hindu ba sa cin nama sam don gudun kashe mai rai, mabiya Jain, wani addinin na Indiya, kuwa har albasa da tafarnuwa da dankali suke ƙaurace wa. To wannan ɓangaren al'ada ce da aƙida, tasu ce, ba ta hau kanki ba.

Maganar madara kuwa ba camfi a ciki, sanin wuta ne. In kin goge kwakwa kin markaɗa da ruwan ɗumi kaɗan, kin matse a ƙyalle mai tsabta, abin da ya fara fita fari ne tas, mai kauri, har yana kama bayan cokali. Wannan ita ce madarar farko, ki ajiye ta gefe ki manta da ita. Sai ki ƙara wa dusar ruwa ki sake matsewa, ta biyu ta fito tsararo. A cikin ta biyun ake dafa dankalin turawa da karas da kabewa, don tana jure tafasa. Ta farkon mai ne ya yi mata yawa, in ta sha zaɓalɓala sai man ya rabu da ruwan. Abin da ya same ki ke nan. Ni ma ranar da na fara na juye duka a tukunya, na buɗe wuta, na tafi shanya. Da na dawo kamar an kwaɓa alli a mai. Matar nan ta leƙa, ta girgiza kai, ba ta ce uffan ba, ta miƙo mini wata kwakwar in fasa.

Saboda haka sai kayan lambu sun nuna, kin rage wuta can ƙasa, sannan ki zuba ta farkon kina juyawa a hankali. Da kin ga ƙananan kumfa a gefen tukunya, sauke. Ruwan tsamiya ki dafa shi tun da fari tare da kayan lambu, lemon tsami kuwa sai bayan kin sauke.

Soyayyen man ƙarshe shi ne ba na so ki yi wasa da shi. Ƙamshin kayan yaji a mai yake narkewa, ruwa bai iya fito da shi sosai. Man kwakwa cokali biyu a ƙaramin kasko, in ya yi zafi ki watsa 'ya'yan mastad, wasu ƙananan ƙwayoyin kayan yaji masu kama da gero. Ki saurara: za su fara fashewa tas-tas suna tsalle, sai ki jefa busasshen barkono da ganyen kori (ganyen wata bishiya mai ƙamshi, ba garin kori ba), ki ja fuskarki baya don yana fantsama. Nan take ki juye a kan miyar ki rufe. In kin bari suka yi baƙi, ɗaci ne, zubar ki sake. Kurkum da citta da tafarnuwa kuwa tun farko ake soya su da albasa har gafinsu ya fita.

Garin kori na gwangwani da kika ambata, shi matar nan ba ta ajiye shi a ɗakin girkinta. Turawan Ingila ne suka yaɗa shi don sauƙi, ita kowace miya da haɗinta. Hatta barkonon da muke ganin kamar nasu ne tun asali, daga nahiyar Amurka Turawan Fotugal suka kai shi, bayan matuƙin jirgin ruwansu Vasco da Gama ya sauka kusa da garin Kalikut na Kerala a 1498. Kafin nan baƙin masoron ƙasarsu ne ke ba su yaji.

In madarar gwangwani gare ki, kada ki girgiza shi. Ki buɗe, ki kwashe mai kaurin da ya taru a sama ki ajiye, shi ne ta farkonki. Ragowar ki ƙara mata ruwa ki yi dahuwar da ita. Ki sake gwadawa a ƙarshen makon nan, ki turo mini hoto in gani. Ki gaishe da maigidan da yara.

Goggonki